DAGA YAMAI ZUWA GAYA TA RUWA: ALLO DA GORA

Mafi yawanmu mutanen tudu ne. Wanda ya tashi a Maraɗi gulbi ya sani, mai zuwa da damina ya wuce da kaka. Na Tawa da na Damagaram kuwa tabki suka sani da rijiya. Ni ma haka nake. Sai da furfura ta fito mini a gemu sannan na taɓa kwana cikin jirgin ruwa. Labarin wannan tafiya zan ba ku a wanga wata, don na ga wani abu a cikinta da ya shafi duk mai riƙe da salula, ko da bai taɓa ganin kogi ba.

A ƙarshen watan Fabrairu na 2018 muka tashi. Mashigar jirage tana kusa da gadar Kenedi, gadar farko ta Yamai wadda aka buɗe a 1970, nan inda ake sauke kabewa tuli-tuli. Jirginmu babba ne, na katako, tsawonsa taki 22 da tafiyata, da inji mai ƙarfin doki 40 a bayansa. An shimfiɗa itace a cikinsa, an jera buhu 60 na takin zamani, an rufe da tampol. Takin na ƙungiyar manoman shinkafa ne na wani ƙauye can gaba da Bumba, inda mota ba ta isa sai da wahala. Bayan taki akwai gishiri, da kwanon rufi, da keke biyu, da mata shida masu komawa gida da yaransu.

Mai jirgin wani dattijo ne Basarke, mutumin yankin Gaya. Kowa Baba yake ce masa. Hausa da Zabarmanci da Dandanci duk a bakinsa suke. Kabewa ya kawo Yamai, taki zai koma da shi. Sharaɗin da suka yi da manoma shi ne, duk buhun da ya jiƙe shi zai biya. Kun san farin takin nan, kamar gishiri yake, ruwa na taɓa shi sai ya narke. Shinkafar rani kuma an riga an dasa, taki take jira.

Ma'aikatansa biyu ne, ɗaya a kan inji, ɗaya a goshin jirgi da gora. Na ukunsu ɗan ƙanwarsa ne, ɗalibi mai karatun ilimin ƙasa a jami'a. Shi ne ya zo da abin da ya sa na rubuta wanga labari.

ABIN DA KE CIKIN ALLON

Abin kamar salula yake, sai dai ya fi faɗi, ya kai littafin ƴan lakkwal. Ƴan boko tabulet suke ce masa. Baba kuwa tun ranar farko ya sa masa suna allo, mu ma muka bi. Ɗalibin ya zura shi cikin farar leda mai zip, ya ɗaura igiya ya rataya a wuya. A kan tampol ya shimfiɗa ƙaramin farantin sola mai ba shi wuta.

Na zauna kusa da shi ya nuna mini. Ga kogi a zane, shuɗi, ga sunayen garuruwa. Ga wata ƴar kibiya a tsakiyar ruwa. Ya ce wannan kibiya mu ne. Jirgi na motsawa, ita ma ta motsa.

Na ce masa: "To samari, in muka yi nisa rezo ya ɗauke fa?"

Ya ce: "Malam, babu ruwansa da rezo. Taswirar na riga na sauke ta cikinsa tun a Yamai. Sanin wurin da muke kuwa daga sama yake zuwa."

Ga yadda abin yake, kamar yadda ya yi mini bayani. Amurka ta harba taurarin ɗan Adam fiye da 24, suna kewaya duniya a nisan kilomita 20,000 da ƴan kai, kowane sau biyu a yini. Su ake kira jepeyes. Kowane tauraro yana ta aiko da saƙo, yana faɗin inda yake da lokacin da ya yi magana. Allon saurare kawai yake yi. In ya ji guda huɗu, sai ya auna jinkirin da saƙon kowane ya yi a hanya, ya fitar da wurin da mutum yake tsaye, kuskurensa bai wuce ƴan mitoci ba. Ba a biyan ko dala. Rasha da Sin da ƙasashen Turai su ma suna da nasu taurarin, allunan yanzu da yawa suna sauraron su duka. Amma ya ja kunnena da abu guda: ba kowane allo ke da wannan kunne ba. Akwai masu aiki da intanet na gida kaɗai, waɗanda in an fita da su daji makafi ne. Mai saye ya tambaya kafin ya biya.

Bayan zanen akwai kuma hoto, wanda aka ɗauka daga sama. Ana ganin itatuwa da rufin ɗakuna da tsibirai. Sannan akwai wani jan zare da ya bi kogin tun daga ƙasa har Yamai. Ɗalibin ya ce kwana goma da suka wuce tare da kawunsa ya hawo, allon na kunne, ya rubuta duk inda jirgin ya bi. Ku riƙe wannan jan zare, za mu komo kansa.

Baba yana jin mu, yana cin goro. Da aka gama sai ya ce: "Yaro, allon naka ya san zurfin ruwa?"

Ya ce: "A'a, Kawu."

Baba ya ce: "To." Bai ƙara ba.

RUWAN GINE

Mai karatu zai ce, wane irin kogi ne ke ɗaukar jirgi da buhu 60 wata biyar bayan ɗaukewar ruwan sama? Ni ma na yi wannan tambaya. Kogin Isa, wanda mutanen Yawuri ke kira Kwara, daga duwatsun Gine yake tasowa. Tsawonsa ya kusa kilomita 4,200, kimanin 550 a cikin ƙasarmu. Sau biyu yake cika a Yamai. Cikar farko ta Agusta da Satumba ce, jan ruwa mai laka, wanda Goruwal da Dargol da Sirba ke kawowa daga yamma. Ta biyu ruwan Gine ce. Damina guda ce ta zubo su, amma na Gine sai ya bazu cikin fadamun Mali, ya yi watanni yana rarrafe, ya ajiye lakarsa can, sannan ya iso mana cikin sanyi. Shi ake kira baƙin ruwa. Wajen Janairu zuwa farkon Fabrairu yake kai matuƙa, daga nan sai ja da baya. Mu a kan wutsiyarsa muka hau. Baba ya nuna mini gindin gada, inda ruwa ya bar zane. Tun zuwansa ya sauka da fiye da taƙi ɗaya na hannu.

Kogin nan ba ya zama iri ɗaya shekara biyu. A watan Yuni na 1985 ya tsaya cik a Yamai, mutane suka ƙetare da ƙafa. A Satumba na 2020 kuwa ya hau kimanin mita 7 a ma'aunin Yamai, ya fasa madatsai, ya cinye unguwanni da gonakin shinkafa. Ga kuma yashi. Daji ya ƙare a kan tudu, kowace ƙorama tana kwaso rairayi ta juye a kogi. Hukumar kogin ta ƙasashe 9, mai mazauni a Yamai, ta daɗe tana fama da wannan matsala.

Yinin farko lafiya lau. Muka wuce gonakin shinkafar Saga, muka bar Kollo a hagu. Allon ya yi aikinsa na farko da hantsi. Ya nuna muna gudun kilomita 12 a awa. Ɗalibin ya auna sauran tafiya, ya duba esansin da inji ya sha tun safe, ya ce bido huɗun da ke jirgi za su kai mu, har da saura. Baba ya ce shi ma haka ya ƙiyasta, amma na ga ya ji daɗi. Da rana ta take sai allon ya yi zafi, ya rubuta wani gargaɗi, ya mutu. Sai da aka sa shi inuwa ƙarƙashin tabarma rabin awa sannan ya farfaɗo. Matan suka yi ta dariya, wai ɗan birni ne, bai saba da rana ba.

Da la'asar muka tsaya Sayi, garin Alfa Mahaman Jobbo, inda jami'ar Musulunci take tun 1986. Nan ne Bature Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya ƙetare kogi a Yuni na 1853, bayan ya fito daga Sakkwato da Gwandu. Nan kuma wani sojan ruwa na Faransa mai suna Hourst ya zauna wata biyar a 1896, shi da jiragensa, kafin ya ci gaba zuwa teku yana zana taswirar kogi. Muka sayi soyayyen kifi da burodi, muka ƙara gaba kaɗan, muka kwana a kan wani farin yashi.

INDA KOGI YA YI W

Kashegari muka wuce Kirtashi. Ƙauyuka suka fara nisa da juna, rezo ya ɗauke, kibiyar nan kuwa tana nan tana tafiya. Daga bakin Tapowa, hannun dama ya zama gandun daji na W, wanda aka kafa a 1954, hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1996. Ba a sauka, ba a jefa taru a wannan gaɓa sai da izini. A shekarun da suka biyo bayan tafiyarmu rashin tsaro ya shiga dajin, har masu yawon buɗe ido suka daina zuwa. A lokacin dai shiru ne kawai da tsuntsaye.

Tun muna lakkwal ake gaya mana sunan gandun daga lanƙwasar kogi ya samo asali, wai ta yi kama da harafin W na boko. Wanda ke cikin jirgi ba zai ga haka ba. Abin da zai gani shi ne rana tana gabansa, an jima tana kafaɗarsa, an jima ta koma bayansa, ga duwatsu sun matse ruwa daga hagu da dama. A kan allon kuwa ga harafin nan ɓaro-ɓaro, kibiyarmu tana hawa tana sauka a cikinsa. Baba ya karɓa ya duba da kyau. Shekara 40 yana bin wurin, bai taɓa ganin siffarsa ba. Ya ce: "Ashe haka ya kwanta." Ya miƙa wa mai gora shi ma ya gani.

Birai suka taru a kan duwatsu suna kallonmu. A wata kwana mai gora ya ɗaga hannu, mai inji ya rage wuta, muka raɓa ta gefe. Dorina ce da ɗanta, kunnuwa kawai a waje. Na dubi allon, wurin shuɗi ne sumul.

Yanzu ga inda abin ya faru. Bayan azahar mun fito daga duwatsu, kogi ya buɗe. Baba ya yi salla, ya ci abinci, ya ce a bi tsakiya, ya kishingiɗa a kan buhuna ya rufe fuska da rawani. Ba a jima ba ruwa ya rabu biyu, tsibiri a tsaka. Jan zaren ya bi ta dama, ya yi doguwar kwana. A hoton kuwa reshen hagu ya fito miƙe, mai faɗi, baƙi ƙirin kamar mai zurfi. Ɗalibin ya auna ya ce za a rage kilomita biyu. Mai inji yaro ne, ya ga ɗan jami'a da allo a hannu, ya karya hagu. Ni ma ina wurin, kuma gaskiya ban ce kome ba. Har na gyaɗa kai, don hoton ya gamsar da ni.

Mai gora ya soka, gora ta shiga rabi. Ya sake sokawa, ta shiga kamu ɗaya. Ya buɗe baki zai yi magana ke nan sai muka ji jirgi ya yi gurnani a ƙarƙashinmu. Kowa ya kife gaba. Inji ya yi ƙara ya mutu. Wani yaro ya fasa kuka.

Baba ya tashi zaune. Bai dubi allon ba, bai dubi ɗan ƙanwarsa ba. Ya dubi ruwa, ya dubi gaɓa, ya cire riga ya dira. Ruwan iyakarsa gwiwa.

Jirgi mai nauyi in ya hau yashi da gudu, katako yana buɗewa a wurin ɗinki. Haka aka yi. Ruwa ya fara tsattsafowa daga goshi, yana bin ƙasa zuwa wurin taki. Matan suka kama kwarfa da ƙwarya da kwanon abinci. Mu maza biyar muka shiga jidar buhuna a ka, muna kai wa kan tsibiri, tafiyar taki 50 cikin ruwa, yashi na zamewa ƙarƙashin ƙafa. Kowane buhu kilo 50. Ni da na saba da alƙalami, a buhu na shida na ji wuyana zai karye. Sai da muka sauke 40 jirgi ya yi sauƙi, muka tura shi baya da kafaɗa. Baba ya cusa tsumma da kwalta a tsagar, ya buga ƙusa. Kunnen farfela ɗaya ya lanƙwashe, aka miƙe shi da guduma a kan dutse. Aka sake loda. Rana ta faɗi muna nan. Buhu huɗu na ƙasa sun sha ruwa, ana matsa su suna zubar da farin ruwa kamar ƙullu.

Da dare, bayan an ci tuwo, Baba ya kira ɗalibin. Na zaci faɗa zai yi. Sai ya ce: "Kawo allon. Wanga hoto, yaushe aka ɗauke shi?"

Yaron ya duba can ƙasa, inda aka rubuta da ƙananan baƙaƙe. Ya yi shiru, sannan ya ce: "Shekara uku ke nan, Kawu. Cikin Disamba."

Baba ya ce: "Disamba ruwa na hawa. Kuma reshen nan, shekara uku da suka wuce ni ma ta nan nike bi. Bara waccan wata ƙorama ta fashe daga tudu ta cika shi. Hotonka bai yi ƙarya ba, tsoho ne."

Sannan ya shiga koya masa, ni ma na kasa kunne. Ya ce ruwa mai zurfi santsi gare shi, yana tafiya shiru, launinsa duhu. In ka ga ya yi ƙananan tsagu kamar fatar guza, yashi ne a ƙasa. In ya yi kumburi wuri guda yana juyawa, dutse ne. A kwana, zurfi yana bayan kwana, wajen gaɓar da ruwa ke ci, yashi kuma yana cikin kwana. In ka hangi zalɓe tsaye a tsakiyar kogi, to a kan ƙafarsa yake tsaye, kada ka je. Burgu ma yana faɗin inda ruwa ya fi ja, ta yadda ya kwanta. Ya ce da ya tashi daga barci zalɓe uku ya gani a gabanmu.

Ɗalibin bai ce uffan ba. Ya kashe allon ya tura cikin jaka. Na ga abin ya dame shi ƙwarai, don ya san kuɗin buhu huɗu daga aljihun kawunsa za su fito.

RANAR HAZO

Kwana na uku muka wuce Bumba da hantsi. Nan Dallol Boso ya gangaro ya sadu da kogi ta hagu, Mekuru kuma ta shigo ta dama. Daga nan gaɓar dama ba Nijar ba ce, Benin ce. Muka kwana gaba kaɗan.

Da asubar kwana na huɗu muka tashi cikin hazo irin wanda ban taɓa gani ba. Ƙura ta sauko ta haɗu da tururin ruwa. Daga bayan jirgi ba a ganin mai gora sosai. Babu gaɓa, babu itace, babu rana. Duk alamun da Baba ya lissafa mana, babu wadda ido ke kaiwa gare ta.

Muka jira har ƙarfe tara, hazo bai motsa ba. Tsagar jiya kuma ta soma zuba, ana ta kwarfa. Baba ya ce irin wannan hazo yana iya kwana uku. Zama a nan taki zai ci, tafiya a makance kuma ta fi muni. A wannan yanki kogi ya yi faɗi, tsibirai birjik, rassa suna rabuwa suna haɗuwa. In ka ɓata ka faɗa reshen da ya mutu. Ko kuma ka farka a gaɓar wata ƙasa da buhun taki 60 wanda takardarsa ta Nijar ce, ka yini kana bayani.

Ya daɗe yana tunani. Sannan ya ce: "Yaro, jan zaren nan naka, sawuna ne?"

Ya ce: "Sawunka ne, Kawu. Duk inda ka bi da muka hawo."

Baba ya ce: "Fito da shi."

Ga yadda suka tsara. Baba da kansa ya karɓi inji, ya sa shi a mafi ƙarancin wuta. Ɗalibin ya zauna a gabansa, ya buɗe taswirar har zaren ya yi kauri, yana faɗi: "Dama kaɗan, Kawu. Ya isa. Miƙe." Mai gora yana goshi yana soka ba fasawa, yana kiran zurfi: "Gaba ɗaya! Gaba da rabi!" Don sawun na kwana goma sha huɗu ne, ruwa ya sauka tun lokacin. Sau biyu gora ta ce a'a inda zare ya ce e. Duk sau biyun Baba ya bi gora, ya kauce wajen gaɓar da ya san ruwa na ci, sannan aka koma kan zare. In jirgi na tafiya a hankali ƙwarai kibiyar takan rikice ta juya kai, sai an ɗan ƙara wuta ta daidaita. Batiri ya sauka zuwa kashi 20 cikin ɗari, sola kuwa babu rana. Yaron ya rage hasken allon, yana kashe fuskarsa a miƙaƙƙen wuri, yana kunnawa in an kusa kwana. Awa huɗu muka yi haka. Ba mai magana sai su uku. Wata tsohuwa tana ta jan carbi.

Wajen ƙarfe ɗaya muka ji kukan shanu ta hannun dama, kusa ƙwarai. Ɗalibin ya ce Lete ce. Hazo ya ɗan yaye, sai ga Fulani da garke a bakin ruwa.

Wannan tsibiri ya isa a tsaya a kansa. Shi ne mafi girma a wannan yanki, tsawonsa kimanin kilomita 16. Tun 1960 Nijar da Dahome suke jayayya a kansa, har aka zubar da jini, a ƙarshen 1963 kuma saura kaɗan a yi yaƙi. Daga bisani ƙasashen biyu suka kai maganar kotun duniya da ke Lahe, a Holan. Ranar 12 ga Yuli 2005 ta yanke hukunci. Ta ce iyaka ita ce hanyar jirgi, wato layin da ya fi zurfi a kogi, kamar yadda yake lokacin samun mulkin kai. Cikin tsibirai 25, Nijar ta samu 16 har da Lete, Benin ta samu 9. To ina alƙalai suka san zurfin ruwa? Sun dogara ƙwarai da awon da wani kamfanin Holan mai suna NEDECO ya yi a ƙarshen shekarun 1960, lokacin da ake binciken ko manyan jirage za su iya bin kogin. Da wannan suka jera wurare 154, kowane da lambobinsa, irin lambobin da allon ke nunawa. Ɗalibin ya karanta wannan a jami'a, ya gaya wa kawunsa. Baba ya yi dariya, karo na farko tun hawanmu yashi. Ya ce ashe manyan alƙalai ma sai da suka nemi mai gora. Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai shi ne, layin yana nan inda aka rubuta shi, yashi kuma bai daina tafiya ba. Wata rana mai jirgi zai bi zurfi ya ga ya bar iyaka a gefe.

Da la'asar muka isa ƙauyen masu taki. Tun daga nesa muka hango su tsaye a gaɓa, da amalanken shanu biyu. Shugaban ƙungiya ya ƙirga buhu ɗaya ɗaya, magatakarda na rubutawa. Hamsin da shida lafiya. Huɗun nan aka buɗe, aka tarar rabin kowane ya dunƙule, rabi ya tafi. Aka yi ta ciniki a gindin mangwaro. Wasu suka ce sharaɗi sharaɗi ne. Wani dattijo ya ce a duba hazon da mutumin nan ya ratso. Aka tsaya a kan Baba zai biya biyu, a cire daga kuɗin dako. Ɗalibin ya ce zai mayar wa kawunsa in an biya su kuɗin karatu. Baba ya ce ya riƙe abinsa ya sayi batiri na biyu.

A nan na ga ya sake karɓar allon. Ya sa aka nemo masa reshen da muka maƙale, ya ɗora yatsa a kai.

"Sa alama a nan. Rubuta yashi, rubuta wata da shekara. Inda muka ga dorina ma ka sa. In mun hawo sati mai zuwa ka bai wa yaron inji ya riƙe, ka nuna mishi yadda ake kunna zaren. Kowane zuwa a yi sabo."

Kashegari da hantsi muka hango gadar Gaya, wadda ta haɗa mu da Malanbil tun 1958. Jiragen Yawuri manya-manya suna jere a mashiga, ana loda albasa da shinkafa. Na yi sallama da Baba, na ba shi goro. Wuyana bai daina ciwo ba sai da na yi kwana shida. Na shiga motar Doso, tafiyar da ta ci mana kwana biyar ta ruwa, kafin magariba ina Yamai.